Ƙwayar da Malam Ke Rabawa da Reza

Wani likita yana da wata ɗabi'a da bai taɓa ɗauka aibu ba: kafin ya rubuta magani, sai ya ƙare wa mutum kallo tukuna. Maganin hawan jini iri biyu ne a ƙaramin asibitinsu. Akwai na farar leda mai araha, akwai na kwali mai ƙyalli, wanda tsadarsa ba a magana. Aikinsu ɗaya ne sak, kuma ya san haka sarai. Amma ɗan dako da mai wanki su yake rubuta wa na leda, manyan mutane kuwa na kwali. Shi a ganinsa girmamawa ce.

To, ranar da tsohon malaminsa na firamare ya shigo yana dogara sanda, likita ya miƙe zumbur har kujera ta kife. Wannan ne fa mutumin da ya kama hannunsa ya koya masa riƙe fensir. Ina shi ina rubuta masa na leda? Da ya auna shi ya ga jini ya hau, sai ya rubuta na kwali ya miƙa masa takardar.

"Malam, wannan shi ne mai kyan. Ɗaya kullum da safe."

Malam ya ɗaga takardar ya duba. "Allah ya yi albarka, ɗana. Amma rubutun nan naka har yau kamar kaza ta yi tono."

Suka yi dariya. Likita bai tambayi ko fansho zai iya ɗaukar wannan kaya ba. Malam kuwa, da rigarsa mai guga da kunyarsa, ya ninke takardar ya sa a aljihu. Da wane baki zai gaya wa yaron da ya taɓa yi wa bulala cewa ba shi da hali?

Duk wata malam yana zuwa awo, jini kuma lafiya lau. Har fahariya likita yake yi wa nas: "Kin gani ko? Abu mai kyau daban ne."

Sai wata safiya aka shigo da malam ranga-ranga, baki ya karkace, ɓarin dama ya saki. 'Yarsa ta biyo baya a firgice, ta ajiye kwalin maganin a kan tebur. Da likita ya zazzage shi, sai ga gutsattsarin ƙwayoyi da wata tsohuwar reza.

"Wallahi yana sha, likita," in ji ta. "Rabawa yake yi biyu, wani lokaci huɗu, don kwalin ya daɗe. In ranar zuwa wurinka ta matso, sai ya koma shan guda. Ya ce kada ka auna ka ga kamar maganinka bai yi ba, ranka ya ɓaci."

"Haba, ƙanwata! Me ya sa ba ku gaya mini ba?"

"Na ce masa mu tambaye ka ko akwai mai sauƙi. Ya ce da akwai, da ɗansa ya rubuta masa."

Likita ya ɗaga kai. Ta tagar ɗakin magani yana hango na ledar nan jibge a kan kanta, har ƙura ta hau wasu.

Ya rubuta takardar tura malam babban asibiti, ya je bakin gado ya durƙusa. Malam ya dube shi da ido ɗaya, yana ƙoƙarin yin magana, harshe ya ƙi. Likita ya kama hannun daman nan da ya koya masa rubutu, ya matse shi. Hannun yana da ɗumi, amma bai riƙe nasa ba.