Wayar da Za a Saya wa Mama

Maganar wayar Mama ta taso ne ranar da tsohuwar wayarta ta faɗa cikin bokitin wanki. Maƙwabciyarta ce ta kira Babba ta gaya masa, yana tsaye a ƙofar sito yana lura da masu sauke buhunan siminti. Ya yi mata godiya ya mayar da wayarsa aljihu, a ransa yana cewa ai abu ne na kwana biyu, a sayi wata a aika mata. Kuskuren da ya yi shi ne ya rubuta maganar a guruf ɗin gida.

Su uku ne 'ya'yan Mama. Shi ne na fari, shi ya sa sunan Babba ya bi shi har wurin aiki, inda ya shekara sha tara yana riƙe da makullin sito a wani kamfanin kayan gini. Mai bi masa tun yana firamare ake ce masa Farfesa, domin ko ruwa ka ce ya miƙo maka sai ya yi maka bayanin inda aka ɗebo shi. Sai Auta, wadda aure ya kai ta nesa, tafiyar jirgi, tana da 'ya'ya biyu, ƙaramin Mama ba ta taɓa ɗora shi a cinya ba. Ita kuwa Mama tana can gidan da ta haife su, tafiyar awa huɗu a mota. Sun yi da ita har sun gaji ta dawo wurin ɗayansu, ta ce ita ba kaya ba ce da za a ɗauke ta a ajiye a ɗakin wani.

Auta ce ta fara amsawa. Ta ce tunda abin ya zo haka, kada a sake saya mata ƙaramar waya mai madannai, a saya mata babba, ta shafawa, yadda za su riƙa kiran bidiyo ta ga jikokinta. Babba ya ce to. Kafin ya sauke hannu Farfesa ya shigo. Ya ce kada wanda ya yi gaggawa, akwai wadda za ta fito ƙarshen wata, batirinta yana kwana biyu ba caji, kyamararta ido uku, kuma ko ba ita za a saya ba, da zarar ta shigo kasuwa farashin wadda ke ƙasa zai faɗi. Wanda ya sayi waya a wannan makon, in ji shi, ya cuci kansa.

Daga waya sai magana ta koma kan layi. Nan ne Farfesa ya samu fili. Ya zana tebur mai layi-layi ya turo hotonsa, kamfani huɗu, tsarin data goma sha ɗaya. Akwai mai ba da giga da yawa, amma rabinsa sai mutane sun yi barci yake aiki. Akwai mai araha, amma mako biyu yake yi ya mutu ko ka taɓa shi ko ba ka taɓa ba. Akwai wanda yake tura maka ragowarka zuwa wata mai zuwa, in dai ka sabunta kafin ya ƙare, in ka makara da awa ɗaya ya haɗiye. Wani kuma yana ba da kira kyauta zuwa lamba uku, da sharaɗin duk ukun layin kamfanin ne, wato sai kowa a gidan ya sake layi. Auta ta tuna musu cewa a gidan Mama layi ɗaya ne kawai yake kamawa da kyau, shi ma sai an tsaya kusa da tagar kicin. Farfesa ya ce wannan labarin bara ne, ya ji an kafa sabon ƙarfen sabis a unguwar, zai bincika.

Babba yakan tashi aiki ƙafafunsa sun kumbura, ƙurar siminti har cikin kunnuwa. A bas yake sauraron saƙonnin muryar ƙanensa, wani minti tara, wani sha ɗaya, waya manne a kunne, kansa jingine da gilashi. Sau biyu barci ya ɗauke shi ya wuce tasharsu. Idan ya isa gida matarsa ta tambaye shi an sayi wayar, sai ya ɗaga mata hannu kawai ya nemi wurin zama. Ba wai ba zai iya yanke magana ba ne. Shi dai ya san duk abin da ya saya, ranar da ya samu matsala za a ce da an bi shawarar Farfesa, kuma ba shi da sauran ƙarfin wannan shari'ar.

Duk wannan lokacin Mama da wayar maƙwabciya ake samunta. Babba yakan kira ranar Juma'a, ya jira a kai mata, su gaisa a gurguje domin wayar mutane ce. Kullum amsarta ɗaya, ba komai, su yi a hankali, ita ba inda za ta.

Ƙarshen wata ya zo, aka ce an ɗaga fitowar sabuwar wayar da mako uku. A makon na biyu kuma kamfanoni biyu suka sake tsarinsu, suka canza sunaye, suka rage nan suka ƙara can, teburin Farfesa ya tashi aiki. Ya ce a ba shi kwana uku ya sake zana wani. Auta ta turo hoton fuska mai kuka, ta daina magana a guruf ɗin.

Ranar wata Alhamis, lokacin hutun cin abinci, Babba ya tsallaka titi ya shiga shagon waya da ke kusa da gidan mai. Wata mata ce a bayan kantar shagon, za ta kai sa'arsa, fanka tana kaɗa takardun talla a bayanta. Ya faɗa mata abin da yake nema. Ta fara jero masa tsare-tsaren data ba tare da ta dubi takarda ba, murya ɗaya ba hawa ba sauka, kamar wadda ta faɗi maganar sau ɗari tun safe. Ya bari ta kai aya.

"Baiwar Allah, in mahaifiyarki ce, wacce za ki saya mata?"

Ta dube shi a karon farko. Ta juya ta zaro kwali ɗaya daga jerin kayan da ke bayanta ta ajiye gabansa, ta ce wannan, rubutunta manya ne, kuma tana da ƙara. Ya tambaye ta labarin wadda za ta fito.

"Za ta fito," ta ce. "Bayanta ma wata za ta fito. Shekarata takwas a nan, ban taɓa ganin watan da ba a jiran wata ba."

Ya saya. Ta sa masa layin da ke kamawa a tagar kicin, ta zuba masa data ta wata ɗaya, wadda ba ta da sharaɗin dare ko rana. Bai gaya wa kowa ba. Asabar da sassafe ya hau mota.

Tun yana zaure Mama ta kira shi, ta ce ta gane takunsa, har yanzu yana jan ƙafar hagu kamar babansa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta shafa kansa ta yi masa faɗan zuwa ba sanarwa. Gidan yana nan yadda ya san shi, a share, kowane abu a mazauninsa. Ta shiga kicin ta haɗa masa shayi, yana daga bakin ƙofa yana ba ta labarin yara. Ya ga ta ɗora ɗan yatsa a bakin kofi tana zuba ruwan zafi, sai da ruwan ya taɓa yatsan sannan ta tsaya. Bai kawo komai a ransa ba.

Ya buɗe kwalin ya miƙa mata wayar. Ta juya ta a hannu, ta ce sanyi gare ta kamar faranti, ta sa musu albarka su uku. Ya ja ta zuwa tagar kicin ya kira Auta. Sai da ya kira sau biyu hoton ya tsaya. Auta ta fasa ihun murna, ta ruga ta ɗauko yarinyarta babba, mai shekara biyar, da kitso da 'yan kunne, ta cika fuskar wayar da ita.

Mama tana murmushi, amma idonta ba a kan gilashin yake ba, yana can gefe kaɗan, wajen babban yatsan Babba.

"Kai, wannan yaro ya girma," ta ce. "Kamarsa ɗaya da babansa."

Auta ta yi dariya ta ce Mama ai wannan babbar ce, ƙaramin yana barci. Mama ma ta yi dariya ta ce hasken taga ne. Suka ci gaba da hira, sabis yana ɗaukewa yana dawowa. Babba dai idonsa yana kan Mama har aka gama.

Bayan ya kashe wayar ya tsaya yana duban kicin ɗin da kyau. Kwalaben maganinta uku suna jere a kan taga, ɗaya an ɗaura masa roba ɗaya a wuya, ɗaya roba biyu, na ukun ba komai. A tsakar gida igiyar shanya ta sauko ƙasa daidai kafaɗa, ta tashi daga ƙofar ɗakinta ta ƙare a bakin famfo, ba kuma kaya ko ɗaya a kanta. Ya tuna ziyararsa ta ƙarshe, wata biyar da suka wuce, ya zo da azahar ya juya da la'asar, rabin zaman yana amsa kiran wurin aiki.

Ya jawo kujera ya zauna gabanta.

"Mama, tun yaushe?"

Ta ce tun yaushe me. Ya ci gaba da kallonta. Ta gyara ɗankwalinta, ta kakkaɓe zaninta da ba abin da ya hau shi, sannan ta faɗa. Ya fi shekara. Da fari kamar hayaƙi ne a ido ɗaya, yanzu duka biyun, na daman ya fi. Tana ganin mutum a tsaye, tana gane fari da baƙi, fuska ce ba ta rabewa. Wayar ma ba faɗuwa ta yi ba, ita ta ajiye ta da hannunta a cikin bokitin, tana zaton kan kujera ce.

Ya tambaye ta me ya sa ba ta faɗa ba.

"Wata ɗaya da rabi kuka yi a kan waya," ta ce. "In na ce ido, sai yaushe? Kuma na san ƙarshenta. Za ku ce in tattara in bar gidan nan."

Babba ya sunkuyar da kai. Gajiyar mako shida ta sauko masa a kafaɗu gaba ɗaya. Da ya ɗago, abin da ya iya faɗi kawai shi ne ba wanda zai raba ta da gidanta, amma Litinin za su je asibitin ido.

Ya kira maigidansa na wurin aiki ya nemi hutun kwana uku. Maigidan ya yi ta ƙorafi a kan motar tayil da ake jira, daga baya ya ce ya aiko da makulli wurin mai gadi. A guruf kuwa layi biyu Babba ya rubuta, na farko ya sayi waya, na biyu Mama ba ta gani sosai, zai kai ta asibiti. Auta ta kira tana kuka, tana cewa ita da ta yi ta dariya. Farfesa bai rubuta komai ba. Litinin da safe sai ga shi a ƙofar gida da motar abokinsa, ya kwana a hanya, ya buɗe wa Mama ƙofar baya ya karɓi jakarta.

Sun yi awa biyar a kan benci kafin a kira su. Likitar ta haska idon ta ce yanar ido ce, ta rufe duka biyun, amma irin wadda ake cirewa ce, aikin ba ya kai rabin awa. Ta yi musu faɗan barin ta har ta kai haka. Farfesa ya buɗe baki zai yi tambaya, ya dubi yayansa, ya rufe. Aka ba su Laraba don idon dama, na hagu sai bayan mako shida.

Kwana ukun hutun suka zama biyar. Babba ya kwana a kan kujerar roba a barandar asibiti, wayarsa tana ta ruri a aljihu, masu mota suna neman wanda zai sa musu hannu a takarda. Ranar Alhamis da hantsi nas ta zo ta ɓare bandejin a hankali, ta goge gefen idon da auduga, ta ce Mama ta buɗe kaɗan-kaɗan.

Mama ta ƙifta, ta sake ƙiftawa, hawaye yana bin kuncinta saboda haske. Ta dubi silin, ta dubi hannunta. Ta dubi Farfesa da ke tsaye a ƙarshen gado ta ce ya yi ƙiba. Sannan ta juyo wajen Babba, ta daɗe tana kallonsa, tun daga furfurar da ta cinye gefen kansa har zuwa kumburin ƙasan idonsa.

"Yaushe ka tsufa haka?" ta ce.

Ya ce aiki ne, Mama. Ta matsa gefe ta buga katifar da tafin hannu, ta ce ya zauna. Ya zauna a bakin gadon ya jingina da ƙarfen. Nas tana bayanin maganin ɗigawa, sau huɗu a rana, kada ruwa ya taɓa idon, Farfesa yana rubutawa a bayan takardar asibiti. Kafin ta kai ƙarshe barci ya ɗauke Babba a zaune, Mama ta ɗaga wa nas ɗin hannu ta ce ta rage murya.