Fetur a Garejin Ɗanliti

Tun ƙarfe goma na safiyar Asabar Ɗanliti yake durƙushe a gaban baburinsa, a garejin gidansa da ke garin Clinton a Amurka, har azahar ta kawo jiki bai cire komai ba sai sukuru ɗaya.

Aikin ba wani aiki ba ne. Makullin mai ne ya lalace, ɗan famfon nan na ƙarƙashin tanki da ake murɗawa a buɗe fetur ko a rufe. Sati biyu ke nan yana ɗiga, warin ya bi ta ƙasan ƙofa ya cika kicin, har matarsa Tayyiba ta ce ko ya gyara ko ya fitar mata da shi waje. Ya yi odar sabo, ya iso ranar Alhamis. Sukuru biyu kacal ke riƙe da tsohon. A Kano, lokacin da yake koyon gyaran babur a Ƙofar Ruwa kafin ya samu karatu, irin wannan aikin ana yi ana hira ne.

Ya zare tiyo, ya juye fetur ɗin tankin a wani daro na ƙarfe, kusan galan biyu, ya ture shi can gefe kusa da bango. Sukuru na farko ya yi gardama, amma da ya kafa masa sukudireba ya buga gindinta da guduma sau uku, sai ya saki. Na biyun ne ya ce bai san zancen ba. Tsatsa ta cinye shi, ta haɗe shi da jikin tanki. Ya fesa masa mai, ya jira, ya murɗa. Ya sake fesawa, ya danna da duk nauyinsa ya murɗa. Sukudireba ta zame, ta kwashe haƙoran kan sukurun, ta bar wani ɗan rami mai santsi. Hannunsa ya tafi da ƙarfi ya daki gefen injin, fatar gaɓoɓin yatsunsa uku ta saluɓe.

Ya ɗauki guduma ya shiga dukan sukurun, duka na huce haushi, ba na gyara ba. Kowane bugu sai babur ɗin ya girgiza a kan ƙafarsa.

"Yaya, za ka huda tankin nan fa."

Radiyya ce, ƙanwarsa, tsaye a ƙofar da ta haɗa kicin da gareji. Kofin ruwa ne a hannunta na dama. Na hagun kuwa yana cikin filastar ɗori tun daga yatsu har gwiwar hannu.

Sati uku da suka wuce ne aka kawo ta asibitin da yake aiki a Largo, inda yake ɗaukar hoton ƙashi. Ta ce a matakala ta faɗi. Abokin aikinsa ne ya ɗauki hoton, amma ta yarda ya gani. Karayar wuyan hannu ba ita ce ta tsayar masa da numfashi ba. Haƙarƙari biyu ya gani a hoton ƙirjinta da suka taɓa karyewa suka ɗinke da kansu, ɗaya ya fi ɗaya tsufa. Shekara goma sha ɗaya yana wannan aiki, ya san matakala ba ta karya mutum haka. A ranar ya taho da ita gidansa, kwana biyu bayan nan kotu ta ba da takardar da ta hana mijinta Khalil kusantar ta.

Abin da ke cin Ɗanliti shi ne, shi ya kawo Khalil. A masallaci suka haɗu, injiniya ne mai ladabi, ba ya wuce sahun farko. Shi ya buga wa mahaifiyarsu waya ya ce, "Hajiya, na tsaya masa."

Ya karɓi ruwan ya shanye, ya naɗe yatsunsa da tsumma.

"Ka bar shi ka kai wa masu gyara mana," in ji Radiyya.

"Sukuru ɗaya? Allah ya kiyaye."

Ruwan ya ɗan sanyaya shi. Ya ɗauko ɗan guntun zarto, ya yanka tsaga a kan sukurun a hankali, ya sa faffadar sukudireba. Gefen tsagar ya ɓalle. Ya yi tsaki, ya ɗauko cizal ta sarar ƙarfe, ya kafa bakinta a gefen kan sukurun a karkace, ya dinga bugawa kaɗan-kaɗan ta ɓangaren kwancewa. A bugu na tara ya ji wani ɗan ƙara, ƙiii. Ya kama shi da filaya ya murɗa, sai ga shi ya fito, baƙi ƙirin, rabin zarensa ya cinye.

Radiyya ta yi dariya, karo na farko da ya ji dariyarta tun zuwanta.

Ya zare tsohon makullin, matacinsa ya toshe da laka ja. Ya goge bakin tankin tas, ya ɗora sabuwar roba, ya zura sabon, ya sa wosha, ɗan zoben ƙarfe, a kowane sukuru, ya ɗaure su bi da bi don kada ɗaya ya fi ɗaya matsewa. Ya mayar da tiyo. Saura ya juye fetur ya ga ko zai ɗiga.

Yana miƙewa ne mota ta tsaya a bakin gidan, ta tare hanyar fita.

Khalil ya fito cikin farar shadda, babu hula, gemunsa ya yi buzu-buzu. Ɗanliti bai waiwaya ba ya ce, "Radiyya, shiga ki kulle ƙofa." Ya ji ƙarar sakata a bayansa.

"Salamu alaikum, Yaya Ɗanliti."

"Wa alaikum. Tsaya nan inda kake. Ka san abin da takardar kotu ta ce."

"Minti biyar kawai nake roƙo. Matata ce."

"Ba a gidana ba."

Khalil ya ci gaba da takowa har ya shigo inuwar garejin. Idanunsa sun yi jajawur. "Sun dakatar da ni a wurin aiki saboda takardar nan. Jiya suka karɓe katina a bakin ƙofa, a gaban mutane. Ka san shekara nawa na yi ina gina sunana a ƙasar nan? Aure ne fa da aka ɗaura a gaban shaidu. Wace mace ce ba a samun saɓani da ita?"

"Na ga hoton ƙirjinta, Khalil. Da idona."

Khalil ya ɗaga murya ya kwaɗa wa ƙofar kira, "Radiyya! Fito ki gaya masa da bakinki!" Ya nufi ƙofar. Ɗanliti ya sha gabansa, ya sa tafin hannu a ƙirjinsa ya tura shi baya.

Gudumar tana ajiye a kan kujerar babur. Ɗanliti bai ga lokacin da Khalil ya sure ta ba, sai dai ya ga ta taho. Ya kauce da kai, ta sauka a kafaɗarsa ta hagu. Ya ji ƙas, ya kuma san ƙashin da ya karye, don kullum yana ganin irinsa. Hannun ya saki, ya rataya kamar ba nasa ba. Khalil ya sake ɗagawa. Ɗanliti ya sunkuya ya afka masa da kai a ciki, suka tafi tare suka daki babur. Babur ya kife, madubinsa ya tarwatse, ƙafar Khalil ta shuri daron.

Fetur ya malale ko'ina. Ya jiƙa bayan Ɗanliti, ya shiga tsagar yatsunsa kamar an zuba barkono, ya mayar da farar shaddar Khalil ruwan toka. Suka yi ta birgima a ciki, suna zamewa. Khalil ya kai masa gwiwa a kafaɗar da ta karye, Ɗanliti ya yi wani ihu da bai san yana da shi ba, duniya ta yi masa fari fat. Da ganinsa ya dawo, Khalil na zaune a ruwan cikinsa, ya shaƙe masa wuya da hannu ɗaya, ɗayan yana laluben aljihu.

Laita ta kunna wuta ya fito da ita, ƙarama, shuɗiya.

"Tunda kun ƙone ni," in ji Khalil, yana haki, yawu na zuba a gemunsa, "sai mu tafi tare. Duk gidan."

Ɗanliti ya riƙe wuyan hannun nasa da hannunsa mai lafiya, amma fetur ya sa santsi, yana jin hannun yana zame masa. Ya ga babban yatsan Khalil ya hau kan ƙarfen laitar. Ya fara kalmar shahada a zuci.

Sai ƙofar kicin ta buɗe. Radiyya ba ta yi ihu ba. Taku uku ta yi, ta sunkuya ta ɗauki babbar sifana daga akwatin kayan aiki, ta ɗaga da hannu ɗaya ta sauke a bayan hannun mijinta. Laitar ta yi tsalle ta shige ƙarƙashin injin wanki. Khalil ya ƙwalla ƙara ya juyo gare ta, ta sake sauke masa a gefen fuska.

Ya faɗi gefe. Ɗanliti ya mirgina ya haye kansa. Da hannu ɗaya ya dinga dukansa, a hanci, a baki, a ido. Ya ji haƙori ya yanke shi, bai tsaya ba. Jini ya gauraya da fetur a siminti. Khalil ya daina karewa, hannuwansa suka zube, amma Ɗanliti bai ga haka ba. Hannunsa ya lalubo cizal ɗin nan a ƙasa, ya damƙe, ya ɗaga.

"Yaya!"

Radiyya ta riƙe masa hannu, filastarta ta tokare masa haɓa.

"Yaya, don girman Allah. In ka kashe shi kai za su ɗauka. Wa zai tsaya mini?"

Ruwa mai sanyi ya bugi fuskarsa. Martha ce, tsohuwar da ke gidan da ke jikin nasu, ma'aikaciyar gidan waya da ta yi ritaya. Ta jawo tiyon ban ruwan furanninta har bakin garejin, tana fesa su duka, wayarta a maƙale a kunne, tana faɗa wa 'yan sanda lambar gidan da Turanci. Ta cire wayar ta daka masa tsawa, "Ajiye wannan abin, ɗana! Suna hanya. Kada su same shi a hannunka!"

Ya buɗe yatsunsa, cizal ta faɗi.

Motocin 'yan sanda uku suka zo, da ta kashe gobara. Da bindigogi a zare suka fito, suka ce kowa ya kwanta. Ɗanliti ya kwanta rubda ciki a kan kwalta mai zafi, aka murɗa hannunsa da ya karye aka sa ankwa, ya ciji leɓe har ya fashe. Martha tana tsaye a kansu tana nuna Khalil, tana cewa wancan ne, wancan ne ya zo. Sai da wata 'yar sanda ta karanta takardar kotun da Radiyya ta miƙa mata, ta kuma kalli abin da kyamarar ƙofar Martha ta ɗauka, sannan aka kwance shi. Wani ma'aikacin kashe gobara ya zaro laitar daga ƙarƙashin injin wanki, ya ɗaga ta, ya dubi garejin, ya girgiza kai.

A motocin asibiti daban-daban aka tafi da su. Tayyiba ta baro wurin aiki ta same shi a can, an yanke masa riga da almakashi, ana wanke masa fetur. Ƙashin kafaɗa ya rabu gida biyu, sai da aka sa ƙarfe. Khalil kuwa hanci da muƙamuƙi da yatsu biyu, kuma daga gadon asibiti aka wuce da shi gidan yari.

Ba a yi kwana uku ba waya ta fara shigowa. Abokan Khalil na Springfield, da wani dattijo da ake ji da shi a masallaci, har da wani kawunsa daga Zariya. Duk maganar ɗaya ce: a rufa asiri, a yi sulhu a cikin gida, kada a bari ɗan'uwa Musulmi ya ruɓe a kurkukun Amurka, kada a kore shi daga ƙasar. Ɗanliti yana amsawa da "to" da "in sha Allahu za mu duba," don bai iya yi wa manya musu ba, kuma shi kansa ba ya son tuna abin da ya kusa aikatawa da cizal.

Ranar da dattijon ya kira karo na huɗu suna cin tuwo a falo. Radiyya ta ajiye cokali ta miƙo hannu.

"Ba ni shi, Yaya."

Ta gaishe shi da ladabi, ta tambayi iyali, ta saurara har ya gama. Sannan ta ce, "Baba, bara da azumi na zo gidanku da kumburarren ido. Kun ce in yi haƙuri, na yi. Na sake zuwa bayan Babbar Sallah, kun ce in ƙara, na ƙara. Yanzu alƙali ya kira ni ranar sha bakwai ga wata, kuma zan je in faɗi abin da ya faru, ba ragi ba ƙari. In kuna so ku zo ku ji, ƙarfe tara ne."

Ta yi masa sallama, ta ajiye wayar a kan tebur. Tayyiba ta matso ta ƙara mata miya.

Ranar sha bakwai Tayyiba ce ta tuƙa su zuwa kotun Upper Marlboro, Martha a gaba da jakarta a cinya, wa da ƙanwa a baya, shi hannu a rataye, ita an cire mata filasta kwana biyu da suka wuce. Dattijon bai zo ba. Radiyya ta yi minti arba'in tana magana, ba ta dubi inda Khalil yake zaune ba ko sau ɗaya. Da lauyansa ya tambaye ta ko ta san ta karya wa mijinta yatsu, ta ce ta sani.

Shekara bakwai aka yanke wa Khalil. Kafin sanyi ya shigo, alƙalin musulunci ya raba auren, Radiyya ta kama ɗaki a Largo kusa da tashar jirgin ƙasa, ta koma karatun haɗa magunguna da ta ajiye shekara huɗu da suka wuce.