Babban Yatsan Fulbert

Kowa a garin nan ya san Fulbert da mijin yayarsa Aubin ba sa ga-maciji. Abin ya samo asali ne tun ranar bikin yayar tasa Perrine, da ango ya kurɓi giyar tuffar da Fulbert ya matsa da hannunsa, ya yamutsa fuska a gaban jama'a ya ce, "Dokin nan naku lafiyarsa ƙalau kuwa?" Wai giyar fitsarin doki ce. To, da aka zo ɗibar sojan daula, sai aka rasa inda za a kai su sai igwa ɗaya.

Aubin ne a bakin igwar, da doguwar sanda. Ya goge cikinta da jiƙaƙƙen gashin tunkiya, sannan ya danna albarushi da dunƙulen ƙarfe. Fulbert kuwa yana gindi, aikinsa ɗaya tak: ya toshe 'yar kafar da ake kunna wuta da babban yatsa har a gama ɗuri. In ya ɗaga, iska ta shiga, ragowar garwashin ciki ya farfaɗo, albarushi ya tashi da hannuwan mai dannawa. Don haka ake ba shi kuben fata mai kauri ya sa a yatsan, saboda ƙarfen yakan yi zafi kamar tanda.

Shekarar da runduna ke ja da baya daga ƙasar Jamus, aka ajiye igwarsu a bakin wata gada, aka ce su tare hanya har sojojin ƙasa su haye. Su kuwa masu dawakan da ke jan igwa, ba a ƙarƙashin Saje Tiburce mai kula da igwar suke ba, nasu hafsan daban. Hafsan nan na jin ƙarar farko ya ce dawakansa ba na asara ba ne. Suka sauke akwatin albarushi guda, suka ja kekensu suka haye. Ga kogi a baya, ga abokan gaba a tudu, ga igwa ta nutse a taɓo, ba mai motsa ta.

Sai a lokacin Fulbert ya laluba aljihu. Wayam! Da safe ya cire kuben don ya sha romon kabeji, ya ɗora a kan keken. Kube dai ya riga mai shi tsallake gada.

Ya faɗa wa Saje? A gaban Aubin? Ai gara ya mutu. Ya ɗora yatsansa tsirara.

Da fari ɗumi kawai ya ji. Can ƙarfe ya fara cizo. Tsakanin harbi da harbi yakan tsoma yatsan a gugan ruwa, ya dawo. Ya naɗa gefen rigarsa, tsumman ya ƙone, ya ga kuma iska na bi ta cikinsa, ya yar.

"Wa ke gasa nama bai yi tayi ba?" in ji Aubin, yana shaƙar iska.

"Danna abinka, sarkin surutu."

Aubin ya leƙo ta gefen igwa, ya gani. Dariyar ta ɗauke.

"Kai, ɗan banza, ina kubenka?"

"Ya tafi gaida Yaya."

"Saje! Yaron nan..."

"Ku ɗura!" Saje ya daka tsawa, ko waiwayowa bai yi ba, don mahayan abokan gaba sun gangaro, takubba tsirara, gadar kuma cike take da mutane har da masu rauni.

Aka miƙo ƙunshin albarushi. Aubin ya tsaya riƙe da shi. Ya dubi baƙin ramin igwar, ya dubi ƙanin matarsa.

"Fulbert, maganar giyar nan fa..."

"Yanzu ka tuna? Danna!"

Aubin ya tura. Rabin hanya sandar ta cije, don dattin albarushi ya toshe cikin. Ya sa hannu biyu, ya jingina ƙirji, yana turawa yana zagin uwar wanda ya ƙera igwar. Fulbert yana jin fatarsa tana ƙuna, tana manne wa tagulla. Duk jikinsa cewa yake ɗaga. Ba abin da yake gani sai hannuwan nan biyu masu gashi, da fuskar Perrine in an mayar mata da miji dungu. Ya ɗora ɗaya hannun a kan yatsan ya danne, ya ciji kwalar rigarsa.

"Ya shiga!" Aubin ya yi tsalle gefe.

Da ƙyar aka ɓamɓare yatsan kafin a kunna. Igwa ta yi aman wuta, dawakan gaba suka zube, na baya suka juya. Kafin su sake haɗuwa gada ta yi sarari. Saje ya buga ƙusa a kafar don kada igwar ta amfani kowa, suka zura a guje. Aubin ne ya saɓa Fulbert a kafaɗa.

Yatsan bai dawo gida ba, likitan runduna ya datse shi a hayin kogi. Yanzu Fulbert ba ya iya riƙe sandar matsar tuffa, don haka duk kaka Aubin ke zuwa ya matsa masa da hannuwan nan nasa biyu. In an gama sai ya kurɓa, ya yamutsa fuska.

"Har yanzu dokin bai warke ba."

"Ai yanzu kai ne dokin," in ji Fulbert.