Kwalaben da Baba Bai Sha Ba

Baba ya fito daga asibiti da rai, amma cikinsa ya lalace. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta da aka ɗirka masa sun warkar da ciwon huhun da ya kwantar da shi, suka bar shi da gudawa yau, kumburin ciki gobe. Ya rame har wandonsa ba ya zama sai ya naɗe ƙugun.

Auta ce ta kai shi ganin likita. Malamar makaranta ce, kuma tun rasuwar mahaifiyarsu ita ke biyowa gidan kullum in an tashi, ta yi masa girki kafin ta wuce nata gidan. Likita ta yi musu bayani a tsanake. Ta ce a hanjin kowa akwai ƙwayoyin halitta masu amfani, maganin ya kashe su tare da miyagun, yanzu sai an ciyar da ragowar su farfaɗo. Abincinsu kuwa ba wani abin nesa ba ne: wake, albasa, kabeji, ganyaye, ayaba. A fara da kaɗan kada ciki ya ɗauki iska.

"Abu ɗaya," in ji likita. "Yana shan maganin tsinka jini. Kada a ba shi wani haɗin ganye ko saiwa sai na gani."

Ba a daɗe ba sai ga Yaya, babban ɗan Baba, da kwali a kafaɗa. Sana'arsa ke nan, sayar da ƙwayoyin ganye da garin gyaran hanji ta waya. Ya jera kwalabe korra a teburin falo.

"Yaya, likita ta hana," in ji Auta.

"Likita ta hana, ko ke kika hana? Ke da ita wa ya san hanji kamar ni? Ki ba shi safe da yamma, ban da musu."

"In kawo maka lambarta ka tambaye ta."

"Ba na magana da masu sayar da guba."

Yana fita Auta ta gaya wa Baba komai, Baba ya ce ta yi yadda likita ta ce, amma kada ta tayar da rigima. Ta kwashe kwalaben ta ɗora kan kabad ɗin ɗakin girki, bayan tsofaffin tukwane. Duk zuwan da Yaya zai yi sai ya ƙaro wasu, ita kuma ta ƙara ɗorawa.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Baba ya tsani kabeji, ya ce shi ba akuya ba ne. Waken farko ya hana shi zama cikin mutane, ya rantse ba zai ƙara ba. Auta ta koma jiƙa waken tun safe, ta zubar da ruwan, ta dafa har ya yi laɓas. A hankali cikin ya lafa. Kumatunsa suka dawo, ya fara fita zama da abokansa a bakin titi.

Wata rana a ɗakin malamai, abokiyar aikinta ta miƙo mata waya. "Wannan ba babanku ba ne?"

Shi ne. Yana zaune a kujerarsa da sabuwar riga, kwalba a hannu. An haɗa da hotonsa na gadon asibiti, idanu a zurme, robar ruwa a hannu, hoton da Auta ta tura wa 'yan uwa kawai don su sa shi a addu'a. Baba yana cewa asibiti ta gaza, wannan ƙwayar ce ta tashe shi. Muryar Yaya na bayan waya tana cewa, "Gaya musu, Baba, gaya musu."

Da ta biyo gidan, ta iske Baba da Yaya a falo. Ba ta gaishe da Yaya ba. Ta wuce ɗakin girki, ta taka kujera, ta sauko da kwalaben cikin kwando, ta zazzage su a gabansa. Ko ɗaya ba a fasa murfinta ba.

Yaya ya dubi kwalaben, ya dubi Baba, fuskarsa ta yi duhu. "Wato ashe munafuntata kike yi?"

"Ni ce munafuka? Ka ɗauki hoton mahaifinka yana kwance ka yi talla da shi! Ko sau ɗaya ka taɓa wanke masa zanin gado?"

"To, 'yar aljanna. Ki dafa wake ki zo ki cika mana kunne. Baƙin ciki kike da kasuwata, tun muna yara haka kike."

"Ka goge bidiyon."

"In na ƙi fa? Ki dake ni?"

Ta juya ga Baba. "Baba, ka san ba ka sha ba. Don me ka ce ka sha?"

Baba ya kawar da kai. "Ya roƙe ni. Yayanki ne, abincin iyalinsa yake nema. Me na rage miki?"

"Ƙarya ce fa, Baba."

"Ni kike kira maƙaryaci a gidana?"

Ta ɗauki jakarta ta fita. Ta so ta bar maganar a nan, don ba ta son faɗa da Baba. Amma kashegari a bakin ƙofa matar maƙwabci ta tare ta da fara'a, ta ce ta ga bidiyo, har ta saya wa maigidanta ƙwayar. Auta ta san mutumin. Layi ɗaya suke bi da Baba a asibiti, maganin tsinka jini ɗaya suke karɓa. Ta ce mata kada ya sha sai likita ta gani. Daga nan ta zauna kan dandamalin ƙofa ta rubuta a ƙarƙashin bidiyon cewa ita 'yar tsohon da ke ciki ce, bai taɓa shan ƙwayar ba, abinci da kulawar likita ne suka tashe shi. Ta haɗa da hoton kwalaben a rufe.

Yaya ya goge rubutun nata, amma mutane sun riga sun ɗauki hotonsa sun yaɗa. Ya kira ta ya zage ta har ya gaji. Matarsa ta kira ta ɗora daga inda ya tsaya. Gwaggonsu ta kira ta ce tun da take ba ta taɓa ganin 'yar da ta tona wa ubanta asiri a idon duniya ba. Abokan Baba na bakin titi suka sa masa suna Mai Talla, ya daina fita. In Auta ta ajiye abinci yakan ci, amma ko gaisuwarta ba ya amsawa.

Ranar komawa asibiti Yaya ya ce shi zai kai shi. Auta ta bi su a motar haya. Suka zauna a benci, Baba a tsakiya, ba mai duban wani. Da aka shiga, likita ta duba sakamakon jini, ta yaba, sannan ta tambaya ko yana shan wani abu ban da abin da ta rubuta.

Baba ya dubi takalminsa. "A'a," ya ce. "Ban taɓa ba."

Yaya ya miƙe ya fice, ya bugo ƙofa.

A wajen ajiye motoci ya jira su, injin a kunne. "Hankalinki ya kwanta?" ya ce. "Kin kashe mini kasuwa, kin kunyata tsoho. Sai ki je a ba ki lambar yabo."

Auta ta kai hannu za ta taimaki Baba ya shiga mota, ya janye hannunsa. Ya zauna, ya gyara rigarsa, sannan ya yi magana ba tare da ya dube ta ba.

"Ki huta da zuwa. In ina nemanki zan kira."

"Baba, wa zai yi maka girki?"

"Ba zan mutu da yunwa ba."

Yaya ya ja mota. Ta tsaya har suka fita daga ƙofar asibitin, sannan ta tsallaka titi ta shiga layin masu jiran bas.