Ranar da Aka Janye Giwa

Duk wanda ya yi aiki a filin jirgi a zamaninmu ya san ni. Ban yi boko ba, ko sunana da ƙyar nake rubutawa, amma babu matuƙin da ya taɓa barin ƙasa sai na tura shi. Ni ne direban motar nan mai faɗi da ke tura jirgi baya daga bakin ƙofa zuwa kan hanya. Turawa, larabawa, baƙaƙe, duk da galolinsu a kafaɗa, sai sun jira na ɗaga babban yatsa.

A cikin jiragen kamfaninmu akwai wanda muke kira Giwa, mai inji huɗu, mai bene. Shi ne ke ƙetare teku. Na taɓa shiga cikinsa, muna tsakiyar ruwa injin ɗaya ya kama da wuta. Da idona na ga harshen wutar ta taga. Ba a jima ba na kusa da shi ma ya mutu. Mata na kururuwa, wani mai ƙaton tumbi ya suma a kafaɗata, ni kuwa ko gezau, har na nemi a ƙaro min shayi. Sauran biyun suka kai mu gaɓa lafiya. Tun daga ranar na ƙudura a raina, ni da teku sai da inji huɗu.

To, Auta, ƙaramar 'yata, tana aure a can bayan tekun. Ta haihu, haihuwar ta zo da gardama, sai da aka yi mata aiki. Ta bugo waya muryarta can ƙasa.

"Baba, ku taho kai da Mama. Ba ni da mai kama min ko ruwan zafi. Yaron ma goshinka ya ɗauko sak."

"Ai dole," na ce. "Goshin wa zai ɗauko in ba nawa ba?"

"Mijina ya ce zai saya muku tikiti."

"Ya saya wa wa? Ki ce ya riƙe abinsa ya saya wa yaro madara. Ni da jirgi sai dai a gaisa."

Ba cika baki na yi ba. Duk wanda ya yi ritaya a kamfanin yana da tikitin ma'aikata, shi da matarsa. Sharaɗin ɗaya ne: ka tsaya a gefe, masu biya su gama shiga, in kujera ta rage a ba ka. A Giwa kuwa kujera ba ta taɓa ƙarewa ba. Na sha miƙewa a kan kujeru uku ina minshari kamar a gadona.

Muka sha wahalar biza, aka ba mu ta ɗan gajeren lokaci. Na sa rigata mai kyau na nufi rumfar gyaran jirage wajen Sifana, tsohon abokina makanike, wanda yanzu shi ne babba a wurin. Ina shiga na ga wani siririn jirgi fari fat, fukafukansa a lanƙwashe sama, an rataya masa inji ɗaya nan, ɗaya can.

"Wannan ɗan tsakon fa?" na ce. "Na zagayen cikin gida ne?"

Sifana ya goge hannu da tsumma yana dariya. "Tsoho, wannan ne magajin Giwarka. Shi zai riƙa ƙetare teku."

"Da inji biyu?"

"Da inji biyu."

"In ɗaya ya mutu fa?"

"Ɗayan ya kai ku."

"In shi ma ya mutu?"

"Kai dai ba ka da fata mai kyau. Leƙa cikin injin nan ka gani, har motarka ta dā sai ta shige. Giwa shan mai take kamar rijiya ta fashe, ga ta rabi wayam kullum. Kayan gyaranta ma sai mun ɓalle na wata mu ɗaura wa wata. Saura guda ɗaya ke tashi, ita ma jefi-jefi."

"Ni nan da ka gani, inji biyu suka mutu a ƙarƙashina."

"Mun sani. Har bangon rumfar nan ya haddace labarin."

Raina ya ɓaci, amma na danne. Na ce ya faɗa min ranar da Giwar ƙarshe za ta tashi. Ya ce sai can ƙarshen wata. Na ce ko ƙarshen shekara ne ina jira.

A gida ne aka yi ta. Uwar yara ta riga ta ɗaure akwati, ta jera kayan jariri a kan gado, 'yan riguna da safa da tawul, ta ninke ta warware, ta sake ninkewa.

"Malam, yarinya na can da ɗinki a ciki, kai kana nan kana ƙirga injina?"

"Ke da ko matakalar jirgi ba ki taɓa takawa ba, me kika sani? Ranki nake tsare miki."

"Mutane nawa ke shiga mai biyun kullum? Duk mutuwa suke?"

"Su suka jiyo. Ni na ga wuta."

"Ka gan ta, ka sha shayi. Mun ji."

Haka muka yi ta yi. Auta ta bugo, uwar ta shige ɗaki da wayar, ta fito idonta jajir. Abinci ma sai ta dire min kwano kamar da shi take faɗa. Na je wajen ɗan maƙwabta ya duba min bizar, ya ce ranar Giwa ita ce kusan ta ƙarshe da za a bar mu mu shiga ƙasar. Na ce ai shi ke nan, ta yi daidai. Wanda ya yi shekaru yana fitar da jirgi a kan lokaci ba a koya masa lissafin rana.

Ranar ta zo. Muka yi sammako, aka duba fasfo, aka cire mana takalma, aka laluba mu, duk wani yaro da bai san ni ba na gaya masa ko ni wane ne. Muka isa ɗakin jira. Na ja uwar yara zuwa jikin gilashi don in nuna mata Giwa.

Siririn nan ne a tsaye. Na ƙirga, na goge ido na sake ƙirgawa. Biyu.

Na nufi teburin bakin ƙofa. Wata ma'aikaciya ce mai tabarau, tana danna kwamfuta.

"'Yata, ina Giwa?"

"Wace Giwa, Baba?"

"Babban jirgin! Mai inji huɗu!"

"Ayya, an janye shi jiya. Ba zai ƙara tashi ba. Wannan aka sa a madadinsa."

"Wa ya janye? Da izinin wa? An gaya min?"

"Baba, yi haƙuri, ka ɗan matsa, akwai mutane a bayanka."

Nan fa na buɗe murya. Na ce kamfanin nan ya faɗa hannun yara masu lissafin mai, waɗanda ba su taɓa jin ƙaurin inji ba. Na ce wannan ba jirgi ba ne, keke ne mai fukafukai. Na ce ko da ɗaukata za a yi a ka, ko kujerar matuƙi za a ba ni, ba zan saka ƙafata ciki ba. Wata mata mai goyo ta toshe wa ɗanta kunne. Wani saurayi ya ɗaga waya yana ɗaukata. Uwar yara ta ja min hannun riga.

"Malam, ka rufa mana asiri ka zauna."

Na zauna ina huci. Ita ma ta zauna. Ta ɗora jakar kayan jaririn a cinya ta rungume, tana kallon ƙofar. A nan jikina ya yi sanyi. Na tuna bizar. Na tuna yaron da ko a hoto ban gama ganin fuskarsa ba, don kullum a naɗe yake. Na ce a raina, mutumin da wuta ba ta ci shi a tsakiyar teku ba, inji biyu ne za su ci shi? In mutuwa ce ma ai mun san juna.

Na koma teburin, na rage murya.

"'Yata, na fasa. Rubuta mu. Mu biyu ne, tikitin ma'aikata."

Ta duba kwamfutar ta taɓe baki. "Baba, wannan bai kai wancan kujeru ba. Duk fasinjojin babban aka juye masa. Sai dai ku jira."

Ni, a ce in jira! Aka fara kira ta lasifika, layi ya miƙe har bakin shagon turare. Na tsaya a gefe ina kallon kowa yana miƙa takardarsa yana wucewa. Ban taɓa ganin mutane da yawa haka ba, kamar daga ƙasa suke tsirowa. Jirgin da na gama zagi a gaban jama'a, ga ni ina roƙon Allah a ɓoye ya sa wani ya makara, ko cikinsa ya ɓaci, ko ya manta fasfo a mota. Wani dattijo ya taho da gudu yana jan akwati, kamar in sa masa ƙafa.

Ɗakin ya yi wayam, sai mu. Mai tabarau ta ɗago.

"Kujera ɗaya ce ta rage."

"Ɗaya kamar yaya? Duba da kyau. A sama fa?"

"Ba shi da bene, Baba."

"Ta ma'aikata fa, mai naɗewa? Ni ɗan gida ne. Ko a ƙasa ma na zauna."

"Doka ta hana. Ɗaya ce, kuma yanzu zan rufe ƙofa. Gobe da jibi ma a cike yake. Wa zai shiga?"

Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga uwar yara ta riga ta miƙa fasfonta. Matar da ko tashar mota ba ta zuwa sai na raka ta.

"Ke, ba ki san hanya ba. Ba ki jin yarensu. Ko bel ɗin kujera ba ki iya ɗaurawa ba."

"Sai in tambaya," ta ce. "Baki gare ni."

"Inji biyu ne fa!"

"Ko rabi ne. Ka riƙa shan maganinka, kada ka bar gas a kunne."

Ta saɓa jaka ta bi hanyar nan mai rufi da ke kaiwa cikin jirgi, ko waiwaye babu. Aka ja ƙofa.

Fitowa daga filin jirgi ga wanda bai tashi ba wata azaba ce da ban taɓa sani ba. Aka haɗa ni da wani jami'i, ya bi da ni ofis-ofis, aka soke tambarin fita, kowa sai ya tambaye ni me ya faru. Na nemi Sifana a waya, bai ɗauka ba. Rana tsaka na sauka daga tasi a ƙofar gidana, na laluba aljihu, na laluba ɗayan. Makullin yana cikin jakarta.

Na zauna a kan dakali, da babbar riga da sabon takalmi. Maƙwabciya ta leƙo ta ce, "A'a, Baba, har kun dawo?"

Wayata ta yi ƙara. Auta ce, ina jin kukan yaron a kusa da ita.

"Baba, kun taso?"

"Uwarki ta taso. Ki tura mijinki ya tare ta, kada ya makara."

"Kai fa?"

"Kujera ce babu."

"Baba, da ka bari mun saya…"

"Kara min wayar a bakin yaron," na ce. "Kara sosai, in ji muryarsa."