Duron Malam Arzika

Tun kafin a mai da Dutse babban birnin jiha Malam Nata'ala yake walda a Yalwawa. A da garma da amalanke yake gyara wa manoma. Da ma'aikatan gwamnati suka cika gari, sai aiki ya koma ƙofofi da tagogi, har ya sayi janareto nasa na kansa. Shekara ashirin da biyu yana kallon wutar walda da ido tsirara, sai dai ya ɗan kau da kai, shi ya sa idanunsa kullum jajur suna ruwa. Hayaƙin ƙarfe kuma ya kashe masa hanci.

Ɗansa na uku, Misbahu, ya yi shekara biyu a makarantar koyon sana'a a Kano, ya dawo yana aiki tare da shi. Magidanci ne, da matarsa da 'yarsa ɗaya. Shi ne ya kawo abin rufe fuska mai baƙin gilashi da safar hannu ta fata, ya ajiye bokitin yashi a bakin rumfa, ya kuma naɗe duk wayar da ta zare. Uban bai hana shi ba, amma yakan ce wa maƙwabta, yana dariya, yaron nan sai ya gama shiga kamar mai zuwa yaƙi kafin ya liƙa ƙusa ɗaya.

A shekarar 1994 aka yi wahalar mai. Wata Talata da hantsi wani manomi daga Taura, Malam Arzika, ya sauke duro a bakin rumfar. Yana so a tsaga masa shi gida biyu a tsaye, ya yi komin shayar da awakinsa.

"Malam Nata'ala, a taimaka a yi sauri. Motar garinmu da azahar za ta tashi."

"Me aka zuba a ciki?"

"Babu komai. Wata uku yana jingine a zaurena. Ji ma." Ya ƙwanƙwasa shi, ya yi ƙara kamar ganga.

Malam Nata'ala ya ja layi da alli, ya tada janareto, ya ƙara wa injin wuta yadda zai huda ƙarfe. Misbahu yana can ciki yana goge wata ƙofa. Da ya ɗago ya ga uban ya sunkuya a kan duro, murfinsa a ɗaure tamau, sai ya yi kira.

"Baba! Dakata!"

Ƙarar janareto ta cinye muryarsa. Bai sake kira ba. Ya tsallake tarin ƙarafa ya kashe janareton.

Wuri ya yi tsit. Mai faci da mai shayi da wasu direbobi biyu duk suka juyo. Malam Nata'ala ya miƙe a hankali, sandar walda a hannunsa.

"Wa ya kashe mini inji?"

"Ni ne, Baba." Misbahu ya durƙusa. "Ka yi haƙuri. A bar ni in buɗe shi tukuna."

"Ni za ka koya wa yankan duro? Na yanka sun fi ɗari kana goye."

"Haka ne, Baba. Amma a bar ni in buɗe wannan."

Malam Arzika ya fara ƙorafin mota. Misbahu ya tambaye shi inda ya sami duron. Ya ce a hannun wani ɗan bumburutu ya saya, irin masu sayar da fetur a galan a bakin titi, amma ai ya daɗe da bushewa.

Uban bai ce a buɗe ba, bai ce kada a buɗe ba. Ya koma kan benci ya zauna, fuska a ɗaure. Misbahu ya mirgina duron zuwa fili, nesa da rumfa da murhun mai shayi, ya roƙi direban da ke shan taba ya kashe ta. Da ya kwance murfin sai iska ta fito da huci. Mai faci, da yake tsaye taku biyar daga wurin, ya toshe hanci ya ja da baya.

"Innalillahi! Wannan ai fetur ne zalla."

Misbahu ya kira mai ruwa ya juye kurarsa duka a ciki. Da ruwan ya kusa baki, sai ga mai yana tasowa a sama, yana malala a ƙasa da launi kala-kala. Ya bi shi da yashi yana rufewa. Ya yi wa Malam Arzika bayani cewa duron da babu komai a cikinsa ya fi cikakke haɗari, domin tururin man ne yake kamawa, kuma tartsatsi ɗaya ya ishe shi ya tashi da rumfa da mutanen cikinta.

Malam Arzika ya zauna a ƙasa ya cire hularsa. Ya ce 'ya'yansa a jikin duron nan suke wasa kullum.

Sau uku Misbahu ya wanke shi da ruwan zafi da sabulu. Sannan ya sake cika shi da ruwa, ya bar bakin a buɗe, ya ɗauko cizal da guduma. Yana shirin farawa sai ya ji an karɓe gudumar daga hannunsa.

"Riƙe mini cizal ɗin," in ji Malam Nata'ala. "Hannunka bai kai nawa saiti ba."

Suka tsaga shi tare, ruwa yana jiƙa musu ƙafafu. Motar azahar ta tafi ta bar Malam Arzika, bai ko tada maganar ba. Sai bayan la'asar aka ɗaura masa komayensa biyu a saman wata bas.

Da yamma Malam Nata'ala yana zaune a majalisarsu ta ƙofar masallaci, sai abokinsa Malam Ɗan'inna, wanda labari ya riga ya kai masa, ya zolaye shi.

"An ce yau ɗanka ya kashe maka inji a gaban jama'a."

"Ya kashe."

"Ka ƙyale shi?"

Malam Nata'ala ya share idonsa da gefen riga. "Malam Ɗan'inna, a garin nan mutum nawa ka sani da za su iya taɓa injina ina tsaye? Ko kai ba ka isa ba. Shi ya san zan iya marinsa a gaban mutane, ya taɓa. Da ya ji kunyata yau, da yanzu gawata kuke wa salla a nan."

Ya dubi 'yan majalisar. Can ya ɗaga murya yadda na ƙarshen tabarma zai ji.

"Ni na haife shi. Duk mai walda a Dutse da aka kawo wa duro ko tankin mota, ya zo Yalwawa ya tambayi Misbahu kafin ya kunna wuta. Ni ma daga gobe sai na tambaye shi."