Loma Uku a Tantin Kawu Mutlak

Daƙiƙa ashirin da uku, tazarar da suka ba motar da ke bin su a tseren ke nan. Tun da suka fito daga zango na biyun ƙarshe Nayif yake nanata lambar nan kamar mai jan carbi, yana dukan sitiyari da tafin hannu, yana dariya shi kaɗai.

"Ashirin da uku, Abu Ilyas! Yaron nan ɗan Finlan, da aka haife shi ina da kofi biyu a ɗaki. Yau ga shi yana cin ƙurata!"

"Ka dubi hanya, tsoho," in ji Jiryis, wato Abu Ilyas ɗin, bai ko ɗago kai daga littafinsa na bayanin hanya ba. "Saura zango guda. Ba a rawa sai an ga amarya."

Shekara tara ke nan da Nayif ya ajiye tseren mota. Sau uku yana cin kofin yankin nan kaf, sannan ya koma Amman ya buɗe wurin wankin motoci, ya ajiye tumbi. Sai mako biyu kafin gasar duniya ta iso Jodan, direban wani babban kamfani ya faɗo daga keke ya karya ƙafa. Aka rasa wanda ya san duwatsun nan kamar tafin hannunsa, aka bugo wa Nayif waya. Shi kuma ya tafi Madaba ya fizgo Jiryis daga kantin maganinsa, don shi ne mai karanta masa hanya tun suna samari. Jaridu suka sha dariya, wata har ta zana su biyu da sandunan dogarawa a cikin mota. To, yau kwana uku ana gwabzawa, ga tsohuwar zuma a kan gaba.

Yanzu a kan kwalta suke, cikin motocin jama'a, suna tafiya zuwa bakin zangon ƙarshe. A nan ba a gudu, akwai na'urar da ke kai ƙarar duk wanda ya wuce ƙa'ida. Kuma dole su miƙa katinsu ga alƙalan lokaci ƙarfe ɗaya da minti goma sha biyu daidai. Duk minti guda na latti, tarar daƙiƙa goma.

"Muna da rarar minti huɗu," in ji Jiryis. "Kada ka tsaya ko da mahaifiyarka ka gani."

Ba mahaifiyarsa ya gani ba, yayanta ya gani. Suna shan kwanar da ta gangara ƙauyen, sai ga Kawu Mutlak tsaye a tsakiyar titi, ɗan shekara tamanin, da jan rawani da sanda, ya buɗe hannuwa kamar mai tare raƙumi. A bayansa maza sun fi arba'in. A gefen titi an kafa baƙin tanti na gashin akuya, hayaƙi na tashi, mata na rangaɗa guɗa.

Nayif ya taka birki. Jiryis ya rufe ido ya yi alamar gicciye.

"Ɗan ƙanwata!" Kawu Mutlak ya cusa kai ta taga, ya sumbaci Nayif a kumatu, dama, hagu, hagu, hagu. "Tun safe nake ƙirga motoci. Na bar kafirai da Musulmi sun wuce, na ce tawa tana baya. Sauko. Raguna shida na yanka."

"Kawu, Allah ya ƙara girma, wallahi lokaci..."

"Lokaci na Allah ne."

"Kawu, da na gama zan dawo. Awa ɗaya tak. In ci har in kwanta a nan."

"Ka wuce ƙofata da yunwa, duniya tana kallo a talabijin? A ce ɗan 'yar gidan nan ya wuce ba a ba shi ko ruwa ba?" Tsohon ya ja da baya, ya ɗaga sanda sama, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "To ku shaida! In Nayif ya wuce bai ci abincina a cikin tantina ba, Fidda ta saku, saki uku!"

Guɗa ta tsaya cak. Har hayaƙin kamar ya tsaya.

Daga bayan labulen mata sai ga muryar Hajiya Fidda, matar da ta yi shekara hamsin da biyu a gidan: "Wuce abinka, Nayif! Taka mota, ɗana! Ni ma in huta!"

Maza suka fashe da dariya, amma Nayif bai yi ba. Ya san kawunsa. In ya wuce, kafin la'asar tsohuwar nan tana cikin motar ɗaukar kaya da akwatinta, kuma har ya mutu sunansa wanda ya kashe auren kawunsa saboda kofin ƙarfe. In kuwa ya sauka, maza arba'in ne, kowa da sumba huɗu da tambayar lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya. Minti ashirin ba ta isa ba. Gaba kura, baya sayaki.

"Saura minti uku," in ji Jiryis ta gefen baki. "Ni Kirista ne, ba mu da saki, ban san yadda ake warware wannan ba. Yi sauri."

Nayif ya dubi tantin. Gabansa a buɗe yake, an ɗage shi da sanduna, faɗinsa ya ishi babbar mota. Sai wani abu ya tsirga masa tun daga ciki har ƙwaƙwalwa, irin wanda yake ji in ya hango kwana ya san ba zai taka birki ba.

"Kawu, cewa ka yi a cikin tantinka?"

"A ciki!"

"Ka ce sai na sauka?"

Nayif bai jira amsa ba.

Ya sa giya. Motar ta yi gurnani, ta sauka daga kwalta, ta haye tabarmi da dardumai, maza suna tsalle gefe suna tattare riguna, ta shiga tsakiyar tanti ta tsaya dab da murhun gahawa. Wani tsoho da ke gyangyaɗi a kan matashi ya farka ya ga taya a gefen kunnensa, ya hau salati.

"Ga ni a cikin tantinka, Kawu. A kawo mansaf!"

Wurin ya kaure. Mutum huɗu suka ɗauko faranti guda kamar murfin rijiya: shinkafa tuli, nama a sama, kan rago a tsakiya yana murmushi. Suka kafa shi a bakin taga. Nayif ya cire safar hannun dama da haƙori, ya dunƙula shinkafa da nama, ya jefa a baki. Zafi kamar garwashi. Hawaye ya zubo masa.

"Ɗaya!" jama'a suka yi ihu.

A ɗaya tagar kuwa Hajiya Fidda ce da kanta ta fito, da kwano da ludayi. "Kai kuma ɗan Madaba, ka bushe kamar kara. Matarka ba ta dafa maka ne? Buɗe baki." Kafin Jiryis ya ce uffan ta dura masa jamid, miyar busasshen nono, haɗe da shinkafa, rabi a baki, rabi a ƙirji da cinya. Ya rufe littafinsa da sauri ya cusa a ƙarƙashin ƙafa.

"Biyu! Uku!" jama'a suka ƙirga wa Nayif loma.

"Alhamdu lillahi, Kawu, auren ya tsira. A buɗe mana hanya."

"Wace hanya? Harshen ragon fa? Baƙo ne ke cin harshe. Ga kunafa, abin zaƙin nan, tana zuwa daga gari, an tafi ɗaukowa. A zuba masa gahawa!"

"Rarar ta ƙare," in ji Jiryis, miya na ɗiga daga gemunsa. "Yanzu daga aljihunmu muke biya."

Mai gahawa ya miƙo ɗan kofi. Nayif yana neman inda zai goge hannu, yana neman safarsa, yana neman giyar baya, sai kawai ya karɓi kofin ya dangwarar a kan allon gaban mota bai kurɓa ba.

Tantin ya yi tsit a karo na biyu.

Nayif ya ɗago kai. Ido tamanin a kan kofin nan. Sai a lokacin ya gane abin da ya yi. Baƙo ba ya ajiye gahawa bai sha ba sai in da buƙata ya zo, ta neman aure ko ta sulhun jini, kuma mai gida ba shi da sauran mutunci har sai an ɗaga kofin nan. Fuskar Kawu Mutlak ta canza. Ya gyara rawani, ya miƙe ƙirji, ya yi magana da muryar da yake raba gardamar ƙabila.

"Sha gahawarka, ɗan ƙanwata. Abin da ka zo nema, ka samu. Ko mene ne."

Dariya ta taso wa Nayif, ya danne ta da ƙyar. Ya sa hannu a ƙirji.

"Titi nake nema, Kawu. Yanzu-yanzu."

Tsohon ya tsaya kamar an zuba masa ruwan sanyi. Sannan ya buga sanda a ƙasa, ya ƙyalƙyale har rawaninsa ya zame. "Ɗan banza! Jinin uwarsa ne! Ku ba shi hanya! Ku ba shi hanya, na ce!"

Nayif ya shanye gahawar, ya girgiza kofin, ya cilla wa mai shi. Motar ta fita da baya, darduma ɗaya maƙale a ƙarƙashinta har bakin kwalta.

Sun miƙa kati ƙarfe ɗaya da minti goma sha biyar. Alƙaliyar lokaci, wata Baturiya mai jan gashi, ta dubi agogo, ta dubi gemun Jiryis, ta shinshina iska, ta rubuta. Latti minti uku, tarar daƙiƙa talatin. Ashirin da ukun nan ta tafi, har sun koma baya da bakwai. Ɗan Finlan kuwa tuni ya gama nasa zangon, yana can ƙasa yana jira.

Kilomita goma sha shida, gangara zalla daga kan dutse zuwa Tekun Gishiri, tsakuwa kamar an zuba ƙwallaye, rami a hagu babu shinge. Suka sa hulunan kwano, suka ɗaure bel.

"Abu Ilyas."

"Na'am."

"Cikina ya yi nauyi."

"Ya yi kyau. Zai danne motar a ƙasa."

Fitila ta yi kore.

Daga nan Nayif bai ƙara sanin yana da shekara arba'in da tara ba. Muryar Jiryis ce kawai a kunnensa, tana faɗa masa kwanar da ke zuwa kafin ido ya gan ta, da lambarta: shida a shiga da gudu duka, ɗaya a kusan tsayawa. "Dama biyar, ɗari, hagu huɗu kar ka yanke, tudu, tsaya tsakiya, tashi!" Motar ta tashi sama, ta dira, ta ci gaba. Duwatsu na bugun cikinta kamar ana dakan sakwara. Nayif ya ji kansa yana waƙa, wata tsohuwar waƙar biki da bai san ya haddace ba.

"Rabin hanya! Mun ci daƙiƙa huɗu! Saura uku! Bar waƙar nan, muryarka kamar ta jaki!"

Shuɗin teku ya bayyana a ƙasa. Saura kilomita uku. Jiryis ya kai hannu zai juya shafi, shafi ya ƙi juyuwa.

"Karanta!"

"Ya manne!"

"Me ya manne?"

"Miyar Hajiya! Shafi uku sun zama ɗaya! Hagu shida, wannan na tuna, taka!"

Ta gefen ido Nayif ya ga babban mai kantin magani na Madaba, mai jikoki biyu, yana lasar gefen littafi kamar kyanwa, yana ɓamɓare takarda da farce. Ta buɗe da ƙyar, rabin tawadar ta narke.

"Dama huɗu! Hamsin! Hagu... hagu wani abu, shiga dai! Ɗari biyu! Dama..." Ya ƙura wa shafin ido. "Shinkafa ta rufe lambar!"

"Nawa?"

"Biyar! Biyar ce!"

Nayif bai ɗaga ƙafa ba. Kwanar ta taso masa, ta ci gaba da lanƙwasa, ta ƙi ƙarewa. Ya jefa motar a karkace, gindinta ya fita waje, tayar baya ta hagu ta rataya a kan iska, madubin gefe ya daki wani dutse ya yi tsalle ya nufi teku. Su biyun suna ihu, ɗaya na kiran Annabi, ɗaya na kiran Budurwa Maryamu. Sai taya ta cafki ƙasa, motar ta miƙe kamar kibiya, allon ƙarshe ya wuce fyau.

Suka tsaya gaban alƙalai. Ƙura ta lulluɓe su, ta wuce. Wani ya ɗago allo da lambobi. Nayif ya ƙura ido, ya kasa haɗa lissafin.

"Abu Ilyas, don girman Allah."

Jiryis ya gyara tabarau. Ya duba allo, ya duba agogonsa, ya sake duba allo.

"Mun ci bakwai da ɗigo takwas."

"Wato?"

"Wato ko daƙiƙa ɗaya ba ta cika ba, amma tamu ce. Ka ci, tsohon banza. Ka ci!"

Kafin su kwance bel jama'a sun rufe motar, ana dukan rufinta kamar ganga. Ɗan Finlan ya ratso da kansa, fuska ja wur, ya miƙo hannu ta taga, ya ce wani abu game da kwanar ƙarshe, yana nuna kansa da yatsa alamar hauka. Nayif ya rungumo wuyansa ya sumbace shi, dama, hagu, hagu, hagu, yaron ya tsaya sororo.

Da ya juyo, sai ya ga Jiryis ya sa farce yana kankare ƙwayar shinkafar nan daga takarda. Ya kankare, ya kai littafin kusa da ido, ya daɗe yana kallo.

"Nawa ce?" in ji Nayif.

Jiryis ya rufe littafin a hankali, ya zauna a kansa.

"Abu Ilyas, nawa ce?"

"Biyu."